Araba a Gidan Masu Hana Araba: Shugabannin Ingila da Ficewa daga Tarayyar Turai

Ranar Juma'a, 24 ga watan Yuni, 2016, muna cikin azumi, ina zaune tare da Baffana a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, a wani ƙauye da ke kusa da garin Bunkure, akwatin rediyo na tsakaninmu. Shekarar ba ta zo mana da daɗi ba, domin tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta bi gonakin tumatir tun daga Kadawa har Kura da Garun Malam ta yi musu ƙarƙaf, wanda ya saba kai kwando ɗari Kwanar Gafan bai kai goma ba. Muna cikin wannan jimami ne sai Sashen Hausa na BBC ya kawo labarin cewa mutanen Birtaniya sun kaɗa ƙuri'a za su fice daga Tarayyar Turai, kuma Firayim Minista David Cameron ya ce zai sauka. Baffa ya ɗago kai ya ce, "Kai ɗan boko, wa zai fita daga ina?" Na yi masa bayani gwargwadon abin da na sani. Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "Ashe su ma sun san araba? Ai su ne suka hana mu a zamanin Gowon."

Wannan magana ta Baffa ita ce ta sa na shiga bin diddigin al'amarin, ita ce kuma asalin wannan 'yar maƙala da nake gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu. Abin da nake son dubawa shi ne halin shugabannin da suka ja ragamar Ingila a wannan fita, watau yadda kowannensu ya ɗauki kayan da yadda ya sauke su. Amma kafin nan sai mun fara gwada maganar dattijon, mu ga ko tana da tushe.

Tana da shi kuwa. A cikin watan Maris na 1953 Anthony Enahoro ya kawo batu a Majalisar Wakilai a Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya nemi a cire shekarar a ce sai lokacin da ya dace. Aka yi wa wakilan Arewa ature a titunan Ikko, suka dawo gida rai a ɓace, a watan Mayu kuma aka yi tarzomar Kano. Majalisun Arewa suka fito da wasu ƙudurori takwas waɗanda in da an bi su, da kowace jiha ta ci gashin kanta, sai 'yan abubuwa kaɗan kamar tsaro da kwastan a haɗa hannu. Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, Oliver Lyttelton, ya kira taro a Landan ya rarrashi kowa, aka fito da tsarin tarayya na 1954. A ci gaban wancan zama da aka yi a Ikko a farkon 1954 ne mutanen Cif Awolowo suka nemi a rubuta cikin tsarin mulki cewa jihar da ta ga dama tana iya ficewa. Turawa suka ƙi, suka ce ba a gina ɗakin tarayya a bar masa irin wannan ƙofa.

Abin da Baffa ya tuna kuwa shi ne na 1966. Bayan juyin mulkin 29 ga Yuli, hafsoshin Arewa da yawa, da Murtala Muhammed a gaba, ba su da niyyar riƙe Nijeriya, araba suke so. Manyan sakatarorin gwamnati da jakadan Ingila, Sir Francis Cumming-Bruce, da takwaransa na Amurka, su ne suka yi ta kai gwauro suna kai mari, suna nuna musu cewa Arewa ba ta da gaɓar teku, gyaɗarta da audugarta ta Kudu suke bi su fita. Da Yakubu Gowon ya yi jawabi ranar 1 ga Agusta, bai ambaci rabuwa ba. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, gwamnatin Harold Wilson ta tsaya bayan Gwamnatin Tarayya har aka gama a Janairun 1970. Saboda haka dattijon bai yi ƙage ba. Darasin da Turawan Ingila suka yi ta biya mana shi ne: kada ka fita daga babban gida sai ka san ta inda kayanka za su bi zuwa kasuwa.

To, su yaya suka shiga nasu babban gidan? Da jan ƙafa suka shiga. A 1957 ƙasashe shida, watau Faransa da Jamus ta Yamma da Italiya da Beljiyam da Holan da Luksambur, suka sa hannu a Rum suka kafa Kasuwar Tarayyar Turai. Ingila ta tsaya gefe, tana ganin tana da daula da ƙasashe renonta, me za ta yi da kasuwar maƙwabta? Ba a daɗe ba daular ta fara zubewa, mu ma muka karɓi namu 'yancin a 1960. A 1961 Harold Macmillan ya ƙwanƙwasa ƙofa, Janar de Gaulle na Faransa ya rufe ta a Janairun 1963. Wilson ya sake gwadawa a 1967, de Gaulle ya sake rufewa. Sai bayan Janar ɗin ya bar mulki ne Edward Heath ya shigar da ƙasarsa, ranar 1 ga Janairu, 1973, tare da Ailan da Denmak.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin wasu ne can nesa. Tun a taron shugabannin ƙasashe renon Ingila na 1962, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ƙi amincewa Nijeriya ta zama 'yar raɓe a wannan kasuwa bisa sharuɗɗan da aka ba ƙasashe renon Faransa. Daga baya Nijeriya ta yi nata cinikin, aka sa hannu a Ikko cikin Yulin 1966, 'yan kwanaki kafin juyin mulki, yarjejeniyar kuwa ba ta taɓa aiki ba. Shigar Ingila a 1973 ita ta tilasta aka sake zama, har aka kai ga yarjejeniyar Lome ta 28 ga Fabrairu, 1975, tsakanin Turai da ƙasashe 46 na Afirka da Karibiyan da Fasifik. Waɗannan shekaru su ne na fari da cutar gyaɗa, lokacin da dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Su ne kuma shekarun da gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974, injiniyoyin Holan suka zana hanyoyin ruwan da suka ratsa Kadawa da Kura da Bunkure. Da gyaɗa aka yi wa iyayenmu sutura, mu kuwa da kuɗin tumatir da shinkafa da alkama aka sa mu makaranta.

Akwai wata haɗuwar kwanaki da ke ba ni sha'awa. Ranar 28 ga Mayu, 1975, Janar Gowon da Janar Eyadema na Togo da sauran shugabanni suka kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko da ƙasashe 15. Kwana takwas bayan haka, ranar 5 ga Yuni, mutanen Birtaniya suka yi ƙuri'ar raba gardama ta farko a kan zama cikin Kasuwar Turai. Wilson ne ya kira ta, kuma ba don ya ji ra'ayin talakawa ya kira ta ba, sai don jam'iyyarsa ta Leba ta rabu biyu a kan batun. Ya je Burasels ya samo 'yan gyare-gyare, ya dawo ya ce ciniki ya yi kyau, ya ƙyale ministocinsa kowa ya bi ɓangaren da yake so. Kashi 67 cikin ɗari suka ce a zauna. Wilson ya ci caca, kuma cin nan nasa shi ne ya zama tarko ga wanda ya kwaikwaye shi bayan shekara arba'in da ɗaya.

Tsakanin nan ba zan daɗe ba. Margaret Thatcher ta matsa har aka rage wa Birtaniya kuɗin da take zubawa a 1984, ta kuma sa hannu a dokar da ta buɗe kasuwar bai ɗaya a 1986, sa'an nan ta juya tana sukar Burasels, rigimar Turai na cikin abin da ya kayar da ita a 1990. John Major ya amince da yarjejeniyar Mastirit amma ya tsame ƙasarsa daga kuɗin bai ɗaya, 'yan jam'iyyarsa suka hana shi sakat har ya faɗi a 1997. Abin lura kawai shi ne cewa ciwon yana cikin jam'iyyar Konsabatib tun da daɗewa, kowane shugaba yana shafa masa mai ya miƙa wa na baya.

David Cameron shi ne ya ce zai yi masa fiɗa. A Janairun 2013, ganin jam'iyyar UKIP ta Nigel Farage tana janye masa magoya baya, kuma 'yan majalisarsa suna ta ƙorafi, ya yi alkawarin ƙuri'ar raba gardama in ya ci zaɓe. Ya ci a Mayun 2015. Ya bi sawun Wilson ƙafa da ƙafa: ya je Burasels a Fabrairun 2016, ya dawo da 'yan gyare-gyaren da ba su burge kowa ba, ya saki ministocinsa. Abokansa biyu, Boris Johnson da Michael Gove, suka haye ɗaya tsallaken, suka zagaya ƙasa da wata jar mota da aka rubuta mata cewa Birtaniya na aika wa Turai fam miliyan 350 kowane mako, a maido su asibitoci. Hukumar da ke sa ido kan ƙididdiga a ƙasar ta ce lissafin yaudara ne, domin bai cire rangwamen Thatcher ba, amma wa ya saurare ta? Ranar 23 ga Yuni mutum miliyan 17.4 suka ce a fita, miliyan 16.1 suka ce a zauna, watau kashi 52 da kashi 48. Ingila da Wales suka zaɓi fita, Sikotilan da Ailan ta Arewa suka zaɓi zama.

A ganina, laifin Cameron ba kiran ƙuri'a ba ne. Tambayar jama'a ba aibu ba ce. Laifinsa biyu ne. Na farko, ya yi tambaya mai ƙofar fita amma babu masauƙi. Ku tuna ƙuri'ar da aka yi a yankin Kamaru da ke hannun Ingila ranar 11 ga Fabrairu, 1961: an ce wa mutane ko ku bi Nijeriya ko ku bi Jamhuriyar Kamaru, kowa ya san inda zai kwana. Na arewa suka zo mana suka zama Lardin Sardauna, na kudu suka tafi. A 2016 kuwa mai cewa a fita bai san ko irin zaman Nowe za a yi da Turai ba, ko irin na Kanada, ko kuwa baram-baram za a rabu. Na biyu, ya hana ma'aikatan gwamnati su shirya abin da za a yi in masu fita suka yi nasara, har wani kwamitin Majalisa ya kira wannan babban sakaci. Ya sha faɗi cewa ko ya faɗi zai tsaya ya aiwatar da abin da jama'a suka zaɓa. Gari na wayewa ya fito ƙofar gida mai lamba 10 ya ce a nemi wani. A wajenmu wanda ya fasa kanal ruwa ya malale gonakin mutane, ba ya kaɗe riga ya tafi gida, sai ya shiga taɓo tare da masu toshewa.

Theresa May ce ta shiga taɓon, ranar 13 ga Yuli, 2016. A nan nake so in ɗan daɗe, domin ita ce ta fi ba ni tausayi, ita ce kuma ta fi ba ni haushi. Ita mai goyon bayan zama ce a lokacin ƙuri'a, ko da yake ba ta ɗaga murya ba. Saboda haka da ta hau, sai ta ga dole ta nuna wa masu fita cewa ta fi su zafi. Da aka tambaye ta me fita take nufi, sai ta riƙa cewa fita dai fita ce. A Janairun 2017 ta yi jawabi a gidan Lancaster, gidan nan da Sardauna da Azikiwe da Awolowo suka zauna a 1957 da 1958 ana tsara 'yancin Nijeriya, ta shata layukan da ta ce ba za ta ƙetare ba: za a fita daga kasuwar bai ɗaya, za a daina bin kotun Turai, za a daina barin Turawa su shigo yadda suka ga dama. Ta shata su ne tun ba ta zauna da 'yan hamayya ba, tun ba ta ji ta bakin Sikotilan ba. Ranar 29 ga Maris ta aika da takardar fita bisa sashe na 50 na yarjejeniyar Lisbon, wanda ya ba da wa'adin shekara biyu. Abin dariya a nan shi ne cewa wani jami'in diflomasiyyar Birtaniya, John Kerr, shi ne ya tsara wannan sashe tun farko. Ƙofar da Lyttelton ya hana Awolowo, ɗan ƙasarsa ne ya sassaƙa wa Turai ita.

Daga ranar da ta aika takardar, agogo ya koma hannun ɗaya ɓangaren. Michel Barnier, wanda ya wakilci ƙasashe 27, ba ya gaggawa, ita ce mai gaggawa. Ta ƙara wa kanta wahala da ta kira zaɓe ranar 8 ga Yuni, 2017, tana neman ƙarin kujeru, sai ta rasa rinjayen da Cameron ya bar mata. Dole ta jingina da wakilai goma na jam'iyyar DUP ta Ailan ta Arewa, aka yi wa yankinsu alkawarin ƙarin fam biliyan ɗaya. Ke nan ta ba da wuyanta ga mutanen da suka fi kowa tsauri a kan batun da ya fi kowane wuya, watau iyakar Ailan.

Mu mutanen Arewa bai kamata wannan batu ya yi mana wuyar fahimta ba. Tsibirin Ailan an raba shi ne a 1921, arewa ta zauna da Birtaniya, kudu ta zama ƙasa mai zaman kanta. Iyakar ta kai kilomita 500, ta ratsa gonaki da ƙauyuka, kamar dai yadda layin da Ingila da Faransa suka ja tsakanin 1890 da 1906 ya raba Katsina da Maraɗi, ya raba Daura da Damagaram. An shafe kusan shekara talatin ana zubar da jini a can, aka kashe fiye da mutum 3,500, sai a 1998 aka yi sulhu. Abin da ya sauƙaƙa sulhun shi ne cewa ɓangarorin biyu duk suna cikin Tarayyar Turai, babu shingen kwastan, mai madara yana tatsa a arewa ya sayar a kudu. Yanzu May ta yi alkawari uku: za ta fita daga tsarin kwastan na Turai, ba za ta kafa shinge a tsibirin ba, ba za ta kuma sa shinge a teku tsakanin Ailan ta Arewa da sauran Birtaniya ba. Biyu daga ciki suna yiwuwa, uku ba sa yiwuwa tare. Duk ɗalibin da ya zauna da takarda da fensir zai gano haka cikin minti goma, amma ba ta taɓa fitowa ta gaya wa jama'arta ba.

Wannan yana tuna mini wani maƙwabcinmu a gona, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Manoman da ke kan ƙaramin kanal ɗinmu suna da ƙungiya, ana biyan kuɗin ruwa, ana fitowa gayya a yashe kanal a cire kachalla kafin noman rani, ana kuma raba kwanakin ban ruwa. Shi gonarsa tana kusa da bakin ƙofar ruwa. Wata shekara ya ce ya gaji, kuɗinsa ne ke gyara wa mutanen ƙarshen layi, ya fita. Gaskiya yana da hujja, domin ya fi biya kuma ya fi kowa ƙarancin buƙata. Amma fita daga ƙungiya ba ta ɗauke gonarsa daga bakin kanal ba. Da aka zauna aka sauya ranakun ruwa, ba ya wurin, sai labari ya ji, ranar da ya ɗauko leburori ya tarar ƙofa a rufe. Ƙarshenta ya riƙa bin dokar da ba ya cikin masu yin ta, yana kuma biyan wani abu a gefe don a bar masa ruwa. Wannan ita ce matsalar da ke cikin yarjejeniyar da May ta kawo a Nuwamban 2018: don kada a kafa shinge a Ailan, ƙasar za ta ci gaba da bin tsarin kwastan na Turai har sai an sami wata dabara, ba tare da tana da kujera ba. Masu fita suka ce wannan bauta ce, masu zama suka ce to me ya sa za a fita?

Tun kafin nan ma, a Yulin 2018, David Davis da Boris Johnson sun ajiye muƙamansu saboda shirin da ta gabatar a Chequers. A ƙarshen Agustan shekarar ta zo Abuja ta gana da Shugaba Muhammadu Buhari, ta wuce Ikko, tana neman sababbin kasuwanni a Afirka. Na tuna Baffa ya ce, "Sai da gida ya ƙi daɗi aka tuna da dangin ƙauye." Ranar 15 ga Janairu, 2019, Majalisa ta yi watsi da yarjejeniyarta da ƙuri'a 432 da 202, kayen da ba a taɓa yi wa wata gwamnati irinsa ba a tarihin Majalisar. Ta sake kawowa ranar 12 ga Maris, aka kayar. Ta sake ranar 29 ga Maris, ranar da ya kamata a ce an fita, aka kuma kayarwa. Sai a lokacin ta shiga cikakkiyar tattaunawa da Jeremy Corbyn na Leba, bayan aski ya zo gaban goshi. Shi ma Corbyn ba shi da tsayayyar magana, domin rabin mutanensa na son fita, rabi na son a sake ƙuri'a, ya yi ta raba ƙafa har ta tsage. Ranar 24 ga Mayu May ta yi sallama tana hawaye. Mace ce mai haƙuri da riƙon amana, ba ta gudu ba kamar na gabanta. Amma haƙuri ba ya maye gurbin shawara, kuma ta ɗauki ƙasar da ta rabu 52 da 48 kamar an ba ta ɗari bisa ɗari.

Boris Johnson ya hau ranar 24 ga Yuli, 2019, ya warware ƙullin da wuƙa. Ya dakatar da Majalisa na mako biyar, Kotun Ƙoli da alƙalanta goma sha ɗaya baki ɗaya suka ce ya saɓa doka, ranar 24 ga Satumba. Ya kori 'yan majalisar jam'iyyarsa 21 da suka bijire masa, cikinsu har da Kenneth Clarke da Nicholas Soames, jikan Winston Churchill. Sa'an nan ya zaɓi biyu daga alkawuran nan uku: ya yarda a riƙa binciken kaya a teku tsakanin Birtaniya da Ailan ta Arewa, abin da shi da kansa ya taɓa gaya wa 'yan DUP cewa babu gwamnatin Konsabatib da za ta yarda da shi. Ya shiga yaƙin zaɓe yana musun cewa za a yi binciken. Ya ci da rinjayen kujeru 80 ranar 12 ga Disamba, aka fita da ƙarfe 11 na daren 31 ga Janairu, 2020, aka kammala yarjejeniyar ciniki ranar jajiberin Kirsimeti na shekarar. Dole in ba shi haƙƙinsa: ya gane abin da May ta ƙi ganewa, cewa sai an sadaukar da wani abu. Abin da na riƙe shi da shi shi ne ya sadaukar ya ce bai yi ba. Bai shekara uku cur a kujera ba 'yan jam'iyyarsa suka tilasta masa sauka a 2022, saboda wasu maganganun da su ma ba su zo daidai da gaskiya ba. Liz Truss ta yi kwana 49. Rishi Sunak ya yi wa batun Ailan kwaskwarima a Fabrairun 2023, ya faɗi zaɓe a Yulin 2024. Firayim Minista biyar ke nan daga jam'iyya ɗaya cikin shekara takwas.

Wani abu da masu jar mota ba su hango ba ya shafe mu kai tsaye. Ɗaya daga manyan dalilan fita shi ne rage baƙi. Da aka rufe wa 'yan Folan da Romaniya ƙofa, asibitoci da gidajen kula da tsofaffi suka rasa ma'aikata, jami'o'i kuma suna neman masu biyan kuɗi, sai aka buɗe ta ga 'yan Indiya da 'yan Nijeriya. A 2015 rarar masu shiga a kan masu fita ta kai kimanin 330,000, a 2023 ta haura 800,000. Ma'aikatan jinyarmu da likitocinmu na cikin waɗanda suka cike gurbin, duk wanda ya kwana da majiyyaci a asibitocin Kano cikin shekarun nan ya ga alamar haka.

Amma kada in yi wa masu zaɓen fita dariya da yawa, domin mu ma mun ɗanɗani zaƙin rufe ƙofa. A Agustan 2019, daidai lokacin da Johnson ke kokawa da Majalisarsa, gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Shinkafar waje ta ja baya, tamu ta yi daraja, injinan casa suka cika Kura, matasan da suka tafi birni suka dawo gona. A gidanmu da kuɗin shinkafar wannan lokaci aka yi rufin kwano. Ba ruwanmu a lokacin da yarjejeniyar ECOWAS ta zirga-zirga, ba mu kuma tambayi mai sayen mudu a Fagge yadda yake ji ba, balle ɗan kasuwar Maraɗi da kayansa suka ruɓe a Jibiya. Saboda haka na san mai kamun kifi a gaɓar Ingila da ya zaɓi fita ba wawa ba ne, akwai abin da yake gani a gabansa. Aikin shugaba ne ya gaya masa abin da ke bayan wanda yake gani.

Ba a daɗe ba abin ya zo ƙofar gidanmu. Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS, da Shugaba Bola Tinubu a kan kujera, suka ba da wa'adin mako ɗaya, suka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, aka yi barazanar yaƙi. Shi ma wa'adi ne da aka bayar ba tare da an shirya abin da zai biyo baya ba. Sanatocin Arewa suka ƙi, malamai da sarakuna suka yi ta zuwa Yamai, aka janye takunkumin a Fabrairun 2024. Amma tun ranar 28 ga Janairu Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun shelanta ficewa, fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025, bayan cikar wa'adin shekara ɗaya da yarjejeniyar ƙungiyar ta tanada. Kafin su, Muritaniya ce kaɗai ta taɓa fita, a shekarar 2000. Iyakarmu da Nijar kuwa ta kai kilomita 1,500, ninki uku na ta Ailan.

A makon da fitar ta tabbata ina gida, ana tsakiyar ɗiban tumatir. Akwai wani bawan Allah daga wani ƙauye a jihar Maraɗi da ya shekara fiye da goma yana zuwa mana ci-rani, a zaurenmu yake kwana. Ya same ni a bakin kanal ina jera bututun ban ruwa, ya ce, "Malam, an ce mun fita. To ni yanzu in na tashi komawa, da wace takarda zan wuce?" Na gaya masa abin da na ji a rediyo, cewa ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, a bar su su shiga su fita da kayansu har zuwa wani lokaci. Ya ce wane lokaci? Na ce sanarwar ba ta faɗa ba. Baffa yana zaune a kan kunya yana jin mu, ya ce masa, "Kai dai cika kwandonka, motar Ikko ba ta jira." Ya sunkuya ya ci gaba da ɗiba, da azahar muka ɗora kwando arba'in da biyu.